In asusu ya bushe, a kwance yarjejeniya ko a riƙe ta?

Abu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙo a ba ni ita tsakani da Allah. Shekara biyu da suka wuce ƙungiyarmu ta ma'aikata ta sa hannu da hukumar wurin da nake aiki, ba zan kama suna ba, a kan alawus guda uku da bashin ƙarin girma da muke bi. An biya wata bakwai lafiya lau, daga nan aka fara tsallake-tsallake. Ranar Litinin suka kira mu shugabannin reshe, suka ce kuɗin shiga ya ja baya, abin da ake turowa daga sama ba ya kai su ƙarshen wata, saboda haka a dawo a sake duba yarjejeniyar. Alawus biyu suke so a jingine "sai hali ya yi". Ni ne mataimakin sakatare, kuma Asabar ɗin nan za mu tsaya gaban mambobi. Rabin kwamitinmu sun ce ko kujera kada mu ja, rabi sun ce a je a ji. Tun Litinin ban yi barcin kirki ba, don masinjan ofishinmu ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, da kuɗin nan nake biya wa yara biyu makaranta." Me zan ce masa?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Kada ku zauna, ƙanena. Wallahi kada ku zauna. Shekarata 19 ina koyarwa a firamare, na san fassarar "sai hali ya yi". An taɓa ce mana mu yi haƙuri da kuɗin hutu na shekara ɗaya kacal. Yarinyar da nake goyo a lokacin yanzu tana aji uku na sakandare, ko kwabo ban gani ba. Duk abin da ka sake shi da hannunka ya tafi ke nan.

Akanta: Hajiya, ina jin zafin da kike ji, amma bari in kawo ɗaya gefen, tunda lissafi ne sana'ata. Akwai lokacin da babun gaskiya ce. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Tun 2015 jihohi da dama suka kasa biyan albashi, sai da gwamnatin Buhari ta ba su bashin ceto, daga baya aka biyo da kuɗin Paris Club, wato rarar da aka cire wa jihohi wajen biyan bashin ƙasashen waje aka mayar musu. Jihar Osun ta koma biyan ma'aikatanta na sama rabin albashi. Nan gida ma, a watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani na Kaduna ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma cikin biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a watan, biliyan 7 ta tafi biyan bashi, saura biliyan 3, alhali albashi kaɗai biliyan 5.2 ne. Wanda ke riƙe da asusu irin wannan, takardar yarjejeniya ba za ta haifar masa da biliyan biyun da suka rage ba. Kuma in ƙungiya ta ƙi zama, abin da yakan biyo baya shi ne sallama. Ni a wurina gara a rage wa mutum ɗari kaɗan-kaɗan da a kori ashirin su koma gida hannu rabbana.

Maman Ummi: Lokacin da za a ci bashin an tambaye ni? Ranar ci ba a kira mu ba, sai ranar biya ne za a tuna da malamin firamare?

Akanta: Ba a tambaye ki ba, gaskiya ne. Amma bashin yana nan, kuma tun daga Abuja ake zare shi kafin kuɗin ya iso Kaduna.

Dakta (Samaru): Abu Sadiq, abin da ya fi tsaya mini a labarinka shi ne saurin. Sun kira ku Litinin, suna son amsa cikin mako. Ka kwatanta da wannan. A watan Oktoba na 2009, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, kuma a cikinta aka ce duk shekara uku za a sake duba ta. Wato 2012 ya kamata a zauna. Ba a kafa kwamitin sake tattaunawa ba sai 2017, ƙarƙashin Wale Babalakin. Wannan ya watse, aka kawo na Farfesa Munzali Jibril a 2020, ya gama aikinsa ya miƙa daftari, aka ajiye. Aka kawo na Farfesa Nimi Briggs a 2022, shi ma ya miƙa, aka ajiye. A 2024 aka sake kafa na Alhaji Yayale Ahmed. Kwamiti huɗu a kan takarda ɗaya. A tsakani an yi yajin aikin 2013 na sama da wata biyar, an yi na 2020 na wata tara, an yi na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Kuɗin farfaɗo da jami'o'i da aka yi alkawari a 2013, naira tiriliyan 1.3 a tsawon shekara shida, kashin farko na biliyan 200 ne ya fito, sauran sai ɗigo-ɗigo.

Abin da nake so a lura da shi: in ma'aikaci ne ke neman a sake duba yarjejeniya saboda lokacinta ya yi, sai a shekara goma ana kafa kwamiti. In mai biyan albashi ne ke neman a sake duba ta don ya rage, mako ɗaya ya isa. Wannan rashin daidaiton ne ya sa mutane irin Maman Ummi ba sa yarda, kuma ban ga laifinsu ba.

Mai Shago: Ku ba ni dama in sa baki duk da ni ba ma'aikaci ba ne. Shagon kayan masarufi gare ni a Samaru. Ina da wani littafi mai baƙin bango, shi ne littafin bashi. Daga 20 ga wata yake fara cika: tiyar shinkafa, kwalbar manja, sabulu, madarar jariri. Ranar da albashi ya shigo ana zuwa a soke layi ɗaya bayan ɗaya. A wata takwas ɗin nan na 2022 sai da na sayi littafi na biyu. Akwai dattijon da ya zo bayan sallar isha'i, lokacin da babu kowa, ya ajiye mini makullin motarsa a kan kanta ya ce in riƙe jingina. Na mayar masa, na auna masa masara, muka rabu kowa kansa a sunkuye. Masu hayar ɗakuna a Hayin Dogo da Zangon Shanu, masu a-daidaita-sahu daga Samaru zuwa Kwangila, matan da ke suyar awara da ƙosai a bakin titi, duk sun ji a jikinsu. Garin Zariya albashi ne ke juya shi: jami'a, asibitin Shika, Kongo, kwalejoji, barikin soja. Saboda haka ni tsorona biyu ne. Ina tsoron a rage musu, ina kuma tsoron yajin aiki. In akwai hanyar da ba ɗaya daga cikin biyun, don Allah ku nemo ta.

Ɗan Gyallesu: Da izinin manya. Shekarata huɗu da gama bautar ƙasa, ba aiki. Ma'aikatan gwamnati su nawa ne a cikin mutanen jiha? 'Yan kaɗan ne. A 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fito da lissafi ta ce albashi da ɗawainiyar ma'aikata na cinye sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ke zuwa daga asusun tarayya. To manomin Giwa da mai jiran maganin zazzaɓi a asibitin ƙauye fa? Su ba su da ƙungiya, ba su da yarjejeniya, ba sa iya kashe wutar lantarki kamar yadda aka yi a yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, na watan Mayu na 2021. Ni na kwana a duhu a lokacin. Ku yi haƙuri, amma wani lokaci yarjejeniyarku a kan wuyanmu take.

Maman Ummi: Yaro, wa ya koya maka karatun da ka yi bautar ƙasa da shi? Mai ba da maganin zazzaɓin a asibitin ƙauye ba ma'aikaciya ba ce? Ka ɗauka in aka rage mini dubu goma kai za a ba? A shekarar nan da kake magana an sallami ma'aikatan ƙananan hukumomi kusan 4,000 a watan Afrilu. Ka samu gurbin ɗaya daga cikinsu?

Ɗan Gyallesu: Ban samu ba, Mama. Amma tambayata tana nan.

Mai Kula da Zaure: A yi a hankali jama'a. Tambayarsa tambaya ce, amsarta amsa ce. Kada a koma kan mutum.

Dakta (Samaru): Ƙanena, tambayarka tana da nauyi, kuma ya kamata 'yan ƙwadago su daina gudunta. Amma ka ƙara wannan a ma'auninka. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000 a watan Afrilu na 2019, a lokacin kusan dala 80 ke nan. A watan Yuli na 2024 aka mai da shi 70,000, Kaduna ta ce 72,000, amma a canjin lokacin bai kai dala 50 ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2024. A ɗaya ɓangaren kuma, abin da ake rabawa gwamnatoci duk wata ya haura naira tiriliyan ɗaya a 2024. Wato an riga an rage wa ma'aikaci albashi ba tare da an kira shi teburi ba, kasuwa ce ta rage masa. Duk wanda zai zo ya ce a sake ragewa, sai ya fara amsa wannan.

Baba Mai Ritaya: Na karanta duka. Abu Sadiq, ɗana, ni na fara aiki ana cikin murnar ƙarin albashin Udoji na 1974, na ga yadda aka sayi kekuna da rediyo, na kuma ga yadda farashi ya bi su ya cinye. Na ga tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari, na ga SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986. Na riƙe ma'ajin reshe shekara takwas. Don haka abin da zan faɗa maka ba daga littafi ba ne.

Ku je ku zauna. Ƙin zama ba jarunta ba ce, domin wanda ya ƙi zama ya ba ɗayan damar ya ce "mun kira su sun ƙi", ya yanke hukunci shi kaɗai, kuma jama'ar gari su ba shi gaskiya. Amma zama daban, sa hannu daban. Kuskuren da muka yi a zamaninmu, wanda har gobe yana damuna, shi ne mun yarda da magana ta baki. Shugaban wurinmu mutumin kirki ne, muna sallah sahu ɗaya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'aji, wata shida kawai." Muka yarda. A wata na huɗu aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ya ce shi bai ga inda aka rubuta wata shida ba, abin da ya gani shi ne ƙungiya ta amince a daina biya. Mutum goma sha ɗaya cikin waɗanda ke bin wannan kuɗi na halarci jana'izarsu, ba a biya ko ɗaya ba.

Saboda haka kalmar "sai hali ya yi" kada ta shiga takardarku ko da wasa. A rubuta wata, a rubuta shekara. Kuma kada a rubuta "an soke" ko "an dakatar", a rubuta "an jinkirta, bashi ne a kan hukuma", da sunan kowane ma'aikaci da adadin da yake bi, ciki har da wanda zai yi ritaya ko ya rasu kafin ranar biya, magadansa su karɓa. Sannan masinjan nan da ya tare ka, shi da duk wanda ke ƙananan matakai, a cire su daga ragin gaba ɗaya. In jirgi zai rage kaya, ba da buhun talaka ake farawa ba.

Maman Ummi: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ita ma yarjejeniyar farkon ai rubutacciya ce, ga shi suna neman kwance ta. Me zai hana su kwance ta biyun?

Baba Mai Ritaya: Babu abin da zai hana su, 'yata, in ba su ji tsoron Allah ba. Amma mai takarda yana da abin riƙewa a kotu da gaban jama'a. Mu ba mu da ko wannan.

Malam Liman: Allah ya saka wa Baba da alheri. Abin da ya faɗa yana da tushe. A ƙarshen Suratul Baƙara ayoyi biyu ne kusa da juna. Ta 280 ta ce in wanda ake bi bashi yana cikin ƙunci, a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Ta 282, wadda ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta ce in kun ƙulla bashi zuwa wani ajali ambatacce ku rubuta shi, ku kafa shaidu. Ajali ambatacce, ba "sai hali ya yi" ba. Sannan ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa jan rai da mawadaci ke yi wajen biyan bashi zalunci ne. To duk maganar ta dawo kan tambaya ɗaya: wannan hukuma mai ƙunci ce ko mawadaciya ce? Ba a sanin haka da baki. Kuma shugabanni su tuna Sayyidina Umar a shekarar fari, da ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. Shugaban da zai ce wa masinja ya haƙura, a fara ganin haƙurin a teburinsa.

Barista: Allah ya gafarta Malam. Bari in ƙara ta fuskar doka, a taƙaice gwargwadon iko. A da, kotunan Najeriya na kallon yarjejeniyar ƙungiya da mai aiki a matsayin alkawarin mutunci kawai, ba a tilasta ta sai in an shigar da ita cikin sharuɗɗan aikin mutum. Gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya kawo sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin fassara irin wannan yarjejeniya da aiki da ita, da kuma la'akari da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Kotun tana zama a Kaduna, ba sai an je Abuja ba. Wato takardarku tana da nauyi fiye da da, kuma ɓangare ɗaya ba ya da ikon canza ta shi kaɗai. Shi ya sa suke neman sa hannunku. Ku san darajarsa.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta yarda cewa a halin matsi na gaske gwamnati na iya taƙaita batun albashi, amma da sharaɗin ya zama mataki na ba-makawa, iya gwargwadon buƙata, na ɗan lokaci, tare da kare rayuwar ma'aikata. Kusan abin da Baba ya faɗa ne.

Amma ga gargaɗi biyu. Na farko, sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago ya ba mai aiki damar hana albashin kwanakin yajin aiki. Da shi aka riƙe albashin malaman jami'a a 2022, sai a watan Oktoba na 2023 Shugaba Tinubu ya amince a biya wata huɗu daga ciki. Kada ku kai mambobi yaji ba su san wannan ba. Na biyu, ku duba wa ya sa hannu a takardarku. A Afirka ta Kudu gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar ƙarin albashi ta shekara uku da ma'aikata a 2018, ta biya shekara biyu, ta ƙi biyan ta uku a 2020 ta ce babu kuɗi. Ƙungiyoyi suka je har Kotun Tsarin Mulki, a watan Fabrairu na 2022 suka sha kaye, domin kotu ta ce tun farko ba a cika ƙa'idar samun amincewar baitulmali ba kafin a sa hannu. Ƙungiyoyi masu ƙarfi ne ƙwarai, amma wannan gurbi ɗaya ya kayar da su.

Abu Sadiq: Barista, wannan ya tayar mini da hankali. Yanzu na ɗauko kwafinmu. Shugaban gudanarwa ne ya sa hannu da sakatarensa. Babu hannun mai kula da kuɗi, babu na hukumar da ke samanmu.

Barista: To ka ga dalilin da ya sa zan ce ku zauna. Wannan zaman dama ce ta toshe gurbin. Duk sabuwar takardar da za a yi, ta fara da tabbatar da cewa tsohuwar tana nan daram, kuma masu iko da kuɗin su sa hannu.

Dakta (Samaru): Akwai misalin da aka yi ciniki na gaske, don kada a ce ba ya yiwuwa. Ƙasar Ayalan da ke Turai, bayan bankunanta sun durƙushe, ta zauna da ƙungiyoyin ma'aikata a 2010. Ma'aikata suka yarda da sauye-sauyen aiki da canjin wurare, gwamnati kuma ta ɗauki alkawarin ba ƙarin ragin albashi, ba korar dole, har 2014. Gaskiya ba ta kai ƙarshen wa'adin ba, ta dawo a 2013 ta nemi wani ragin, amma ragin albashin kai tsaye ya faɗa kan masu ɗaukar sama da yuro 65,000 a shekara, kuma daga 2015 aka ƙulla yadda za a fara mayarwa. Abin lura shi ne ma'aikata ba su bayar a banza ba, sun karɓi wani abu. Ku me za ku karɓa? In ni ne, rubutaccen alkawarin ba za a sallami kowa ba muddin ana cikin jinkirin.

Akanta: Nan ma ai an taɓa gwada raba nauyin. A watan Afrilu na 2020, lokacin kullen korona, gwamnatin Kaduna ta ce ma'aikacin da ke ɗaukar naira 67,000 zuwa sama za a cire masa kashi 25 cikin 100, masu muƙaman siyasa kuma rabi. Na ƙasa ba a taɓa su ba.

Barista: An kare na ƙasa, haka ne. Amma sanarwa aka yi, ba zama ba, shi ya sa ma'aikatan lafiya suka tayar da jijiyar wuya a lokacin da aka fi bukatarsu. Da an zauna da su, wataƙila da kansu za su miƙa.

Abu Sadiq: Akwai abin da ban faɗa ba. A zaman Litinin shugaban reshenmu ya nemi a nuna mana lissafin shiga da fita na wata goma sha biyu. Suka ce wannan sirrin ofis ne, mu yarda da maganarsu. Kuma a watan jiya aka kawo sababbin motoci biyu, suna nan a ajiye ƙarƙashin rumfa, ko ledar kujerun ba a cire ba. Mambobi suna wucewa ta gabansu kullum.

Akanta: Subhanallah. To a nan na tsaya. Duk abin da na faɗa tun farko a kan wanda babunsa gaskiya ce. Mai babu na gaske shi ke rige-rigen buɗe maka littafi, don littafin ne shaidarsa. Wataƙila motocin an yi odarsu tun bara daga wani aljihu da ba a iya karkatar da shi zuwa albashi, hakan na faruwa, amma in haka ne sai su nuna takarda. Kuma kada ku karɓi taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da aka buga jiya da dare. Ku nemi bayanan banki na duk asusun, ba na albashi kaɗai ba. Ku nemi abin da aka kashe a tafiye-tafiye da tarurruka da alawus ɗin zaman manya. Ku nemi jerin masu karɓar albashi ku gwada shi da waɗanda kuka sani da ido, domin sau da yawa kuɗin alawus biyun nan yana kwance a sunayen waɗanda suka rasu ko suka bar aiki. Ku zo da mutum ɗaya da ya iya karanta lissafi. In ba ku da shi, ni zan zauna da ku, ba na bukatar ko sisi.

Abu ɗaya kuma da ba a ambata ba: bayan ranar ƙarewa, a sa ma'auni. A ce duk watan da kuɗin shiga ya koma adadi kaza, biya ya dawo da kansa ko wa'adi bai cika ba, ba sai an sake kiran taro ba.

Ɗan Gyallesu: In har za a buɗe littafin, a buɗe wa kowa, ba shugabannin ƙungiya kaɗai ba. Mu ma da ke waje kuɗinmu ne.

Dakta (Samaru): Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Ƙungiyar da ta ga lissafi ta ɓoye wa mambobinta ta zama abin da take ƙorafi a kai.

Maman Ummi: Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Na ga shugabannin ƙungiya sun shiga ɗaki da zafi sun fito da sanyi, ba wanda ya san abin da aka yi a ciki. Abu Sadiq, ba kai nake zargi ba. Amma in kun dage sai kun zauna, kada kowa ya sa hannu a ɗakin. A fito da takardar, a karanta ta da Hausa a gaban masinja da mai shara da direba, a ɗaga hannu a ƙirga. Kuma ku sa mace a cikin masu shiga, ko ɗaya ce. Mu muka san abin da dubu biyar ke yi a tukunya.

Baba Mai Ritaya: Wannan sharaɗin nata ya fi duk nawa. Ka rubuta shi a farko.

Abu Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abin da zan kai wa kwamiti gobe: mu rubuta musu wasiƙa cewa mun yarda a zauna, amma ranar zama sai bayan kwana bakwai da miƙa mana lissafin, kuma kafin nan yarjejeniyar tana aiki, har da watannin da aka tsallake. Na san shugaban reshenmu zai ce na yi laushi, wasu kuma za su ce na yi tsauri. In sun ƙi ba da lissafin fa, Barista? Mu ba da wa'adin yaji ko mu nufi kotu?

Barista: Kada ka yanke wannan yau. Akwai matakan sulhu da doka ta gindaya kafin yaji, in kuka tsallake su kun ba su makami. Ka turo mini hoton duk shafukan ta akwatina, musamman in akwai sakin layin da ya yi maganar yadda za a warware saɓani. Zan duba kafin Juma'a.

Mai Shago: Masinjan nan, in a Samaru yake, ka turo shi wurina. Akwai sauran shafi a littafin.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, gobe bayan isha'i ka biyo ta gidana a Tudun Wada da takardar da daftarin wasiƙar. Ka taho da takardar albashin masinjan ma, in ya yarda, mu lissafa abin da zai rage masa in an cire alawus biyun. Da wannan adadin za ka buɗe taron Asabar.